Kwat ɗin aiki a zafin Damagaram: kada ka karɓi bashin

Wasiƙar wannan mako daga nan cikin gari ta zo.

"Assalamu alaikum Baba. Shekarata 27, a Garin Malam nake zaune. Na gama karatu a Jami'ar André Salifou, na sha zaman jira, sai bana Allah ya sa wani banki ya ɗauke ni aiki. Dokar wurin ita ce kwat da karabat daga Litinin zuwa Alhamis, ranar Juma'a kaɗai ake barinmu mu sa kaftani. Ban taɓa mallakar kwat ba. Da zan fara aiki na ga wata a Facebook, baƙa mai ƙyalli, na tura kuɗi aka sako mini ita a mota daga Yamai. Wata biyu ke nan, gabanta duk ya kumbura tsuro-tsuro, hannunta yana rufe mini yatsu, kafin azahar na jiƙe sharkaf. Wani abokin aikina ya ce mini a gaban mutane kamar aro na yi. Yanzu na tara jika 150, wato sefa dubu 150. Wani abokina mai kawo kaya daga Turkiyya ya ce zai ba ni kwat uku bashi, in riƙa biya duk ƙarshen wata har wata shida. Ga kuma mahaifina, malami ne, tun ranar da ya gan ni da karabat ya rage sakar mini fuska, ya ce shigar nasara ce. In karɓi bashin? Yaya ake gane kwat mai kyau? Yaya zan yi da Malam?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa albarka a aikin, ya sa ka fara a sa'a.

Kada ka karɓi bashin. Na sa wannan a gaba don shi ne abin da za ka iya ɓatawa cikin yini ɗaya ka yi wata shida kana gyara. Kwat uku ba su ne maganin abin da ke damunka ba. Abin da ya same ka a kwat ta farko abu biyu ne: ba awonka ba ce, kuma yadinta ba na ƙasarmu ba ne. In ka karɓi uku ba tare da ka koyi gane waɗannan biyun ba, kana iya wayar gari da matsala uku maimakon ɗaya, ga albashin da aka riga aka ci rabinsa tun bai shigo ba. Kuma kayan bashi kullum sun fi na kuɗi hannu tsada, sannan wanda ake bi bashi ba ya iya cewa "wannan ba ta yi mini ba, canza mini." Kunya za ta rufe maka baki, ka karɓi abin da aka miƙo maka. Jika 150 da ka tara da guminka sun isa su fitar da kai kunya, in ka kashe su a inda ya dace.

Bari mu fara da kwat ɗin da ta ba ka kunya, don a jikinta za ka koyi rabin darasin. Ɗauko ta, juya aljihun ciki, za ka ga wani ɗan farin ƙyalle da aka rubuta abin da aka saƙa yadin da shi. Ina kyautata zaton polyester za ka gani, ko duka ko mafi yawa. Zaren roba ne, daga man fetur ake samo shi. Ba ya shan gumi, ba ya barin iska ta ratsa, shi ya sa zufa ke taruwa tsakanin fatarka da riga. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan azaba ce, ko da ofis ɗinku akwai na'urar sanyi, don ai sai ka fita, kuma kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa. Ƙyallin nan da ya ja hankalinka a hoto shi ne alamar farko da ya kamata ta kore ka. Yadin kwat na kirki ba ya walƙiya, shiru yake.

Kumburin gaban kuwa gam ne ya saki. Kwat ba yadi ɗaya ba ce. Tsakanin yadin waje da shafin ciki akwai wani ƙyalle mai ɗan tauri wanda ke tsayar da ƙirji da wuyan kwat. A ɗinki mai tsada da zare ake kama shi, yana zaune sake a ciki. A mai araha da gam ake manna shi da dutsen guga na masana'anta. In gumi, ko ruwan wanki, ko guga mai zafi suka dame shi, sai gam ɗin ya rabu da yadin wuri-wuri, iska ta shiga, ya yi tsuro-tsuron da kake gani. Ba ya gyaruwa. Mai guga zai iya kwantar da shi yau, jibi ya dawo. Kada ka ƙara kashe ko dala a kanta. In wandon bai lalace ba ka riƙe shi na hawan moto.

Ga yadda ake ganewa kafin a saya. Ka kama gaban kwat ɗin ƙasa da maɓallin ƙarshe, yatsu biyu a waje, biyu a ciki, ka ja su a hankali. In ka ji wani ƙyalle na uku yana yawo a tsakani, ɗinkakkiya ce. In yadin waje ya yi kauri da tauri fiye da yadin hannun kwat ɗin, kuma babu komai a tsakani, mannanniya ce. Ba ina cewa duk mannanniya banza ce ba. Yawancin sababbin da kuɗinka zai iya saye mannannu ne, kuma akwai masu shekaru ba su saki ba. Amma in ka san irin wadda ke hannunka, ka san yadda za ka kiyaye ta daga ruwa da wuta.

Yadin da nake so ka nema shi ne ulu mara nauyi. Na san abin da za ka ce: gashin tumaki a Damagaram? Mutane da yawa suna jin ulu sai su tuna rigar sanyi ta hunturu. Wannan daban ne. Akwai ulun da ake saƙawa siriri, da ƙofofi ƙanana a saƙar, musamman don ƙasashe masu zafi. Yana shan danshi ya sake shi, ba ya riƙe wari kamar roba, kuma in ya yamutse ka rataye shi da dare, da safe ya miƙe da kansa. Ana auna nauyin yadin kwat da giram a kowace mita. Daga 200 zuwa 260 shi ne namu. Abin da ya kai 300 ya haura, na sanyin Turai ne, ka bar musu. Mai saye a kasuwa ba shi da sikeli, amma yana da rana: ka ɗaga yadin hannun kwat ɗin ko ƙafar wando ka duba haske ta cikinsa. In haske na ɗan ratsowa, iska ma za ta ratso.

A kan ɗan ƙyallen nan na aljihu, laine shi ne ulu da Faransanci, lana in daga Italiya ta fito, yün in ta Turkiyya ce. Coton auduga, lin kuwa lilin. In an haɗa ulu da roba, ka tabbata ulun ne ya fi yawa. Za ka kuma ga ana rubuta Super 100, Super 120, har Super 180 da abin da ya fi. Lambar sirantakar zaren take nunawa, ba ƙarfinsa ba. Na aikin kullum tsakanin 100 da 120 ya fi daɗewa. Wanda ya haura 150 laushi gare shi amma saurin cinyewa, ba na mai hawa moto ba ne. Kuma ka sani rubutu ba ya tsada: ana ɗinka irin waɗannan lambobi a jikin kayan roba zalla. Don haka hannunka ya fi rubutun gaskiya. Ka damƙe hannun kwat ɗin a tafinka, ka ƙirga goma, ka saki. Ulu na kirki zai buɗe ya koma yadda yake. In yadi za ka saya a mita, ka roƙi ɗan zare daga bakinsa ka kunna masa ashana. Ulu yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin abu da ke murƙushewa a yatsa. Auduga tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba narkewa take yi, ta dunƙule ta yi tauri. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba zai hana ka zare ɗaya ba.

Kada ka manta da shafi. Ana samun kwat mai yadin waje na kirki amma an shafe cikinta kaf da roba, sai ta zama ba ta da bambanci da taka. Shafin viscose, wato zaren da ake sarrafawa daga itace, ya fi sanyi. Wadda aka yi wa rabin shafi, wato kafaɗa da gaba kawai, bayan a buɗe, ita ce ta fi dacewa da mu. Lilin da auduga suna da sanyi ƙwarai, amma suna yamutsewa tun kafin hantsi, kuma a banki ana kallon wannan. Ka bar su sai ka ƙara ƙarfi.

Launi: shuɗi mai duhu ko ruwan toka mai duhu. Ba baƙi ba. Baƙi yana jan zafin rana, kuma duk ƙurar da ta tashi tsakanin Garin Malam da ofis a kansa za ta fara nunawa. Ruwan toka ya fi kowane launi haƙuri da ƙurarmu. Mara zane, mara layi. Kwat mara ado ba a gane cewa ita ce ta jiya.

Yanzu awo, wanda shi ne ya jawo maka maganar abokin aikinka. Na san ta yi ciwo, kuma bai kyauta ba da ya faɗe ta a gaban mutane. Da yana nufinka da alheri da gefe ya ja ka. Amma ka lura, bai ce kwat ɗinka mai araha ce ba, cewa ya yi kamar ta aro. Ido awo yake fara gani kafin ya ga kuɗi. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, sai dai kwat mai tsada ma in ta fi ƙarfin kafaɗar mai ita ba ta ado.

Kafin ka shiga kowace kasuwa ka je wurin tela ya auna ka, ka rubuta a takarda: zagayen ƙirji ta ƙarƙashin hammata, faɗin kafaɗa, tsawon hannu, ƙugu, tsawon ƙafa, da zagayen wuya. Lambar kwat ta Faransa, Italiya da Turkiyya rabin zagayen ƙirji ce da santimita. In ƙirjinka 96 ne, lambarka 48. In 100 ne, 50. Ta Ingila da Amurka da inci take, ka cire goma: 48 ita ce 38, 50 ita ce 40. In ka ga harafin L a gefen irin wannan lamba ta dogaye ce, R ta matsakaita, S ta gajeru. Samarinmu da yawa sirara ne masu dogon hannu, sai su sayi babbar lamba don hannun ya kai, jikin kuma ya yi musu buhu. Maganin wannan ƙaramar lamba ce mai L, ba babbar lamba ba.

Lamba jagora ce kawai, sai ka sa a jiki. Kafaɗa ita ce uwa. Inda ƙashin kafaɗarka ya ƙare, nan ɗinkin kafaɗar kwat zai ƙare. Ka tsaya gefen bango ka matsa a hankali: in kwat ɗin ta riga damtsenka taɓa bangon ta lanƙwashe, ta yi maka girma. Tela zai iya rage ƙugu, ya rage hannu, ya ɗage ƙafar wando, amma gyaran kafaɗa kusan warware kwat ne gaba ɗaya, kuma da wuya ta dawo daidai. Duk yadda yadi ya burge ka, in kafaɗa ba ta zauna ba, ajiye. Wuyan kwat ya kwanta ta baya a kan wuyan shamis, wato rigar da ake sawa a ƙarƙashin kwat, ba rata. Ka ɓalla maɓallin sama, tafin hannunka ya shiga tsakanin ƙirji da kwat ba tare da yadin ya ja ba. Hannun kwat ya tsaya a ƙashin wuyan hannu, shamis ta leƙo kamar santimita ɗaya. Tsawonta ya rufe mazaunai, kada ya wuce. Maɓallin ƙasa ba a ɓalla shi, haka aka yanka ta, kuma in za ka zauna ka buɗe na saman. Ɗan ƙyallen suna da ake ɗinkawa a bakin hannu ana cire shi, haka zaren da ya kama tsagar baya.

Akwai gwajin da ba a rubuta shi a littafin kowane tela na Turai ba, amma mu ba mu da zaɓi a kansa. Da wandon a jikinka ka yi ruku'u, ka durƙusa kamar za ka yi sujada, ka zauna zaman tahiya. A wandon nan za ka yi azahar da la'asar kwana huɗu a mako. In ya matse cinya, ko ya zame ta baya har shamis ta fita bayanka ya buɗe, ba naka ba ne. Matsattsen wandon da samari ke yayi yanzu ba ya jure wannan, ta tsakiya yake fashewa. Ka nemi mai ɗan sakewa, mai hawa har cibiya. Ita ma shamis ka naɗe hannunta ka ga ko yana wuce gwiwar hannu don alwala.

A ina za ka saya? Hanya uku ce, kuma ba zan raina ko ɗaya ba.

Gwanjo ita ce hanyar da na fi so ga mai kuɗi irin naka, ko da yake na san akwai masu jin nauyin a gan su a can. Cikin dilar da ke zuwa daga Turai akwai kwat na ulu tsantsa, ɗinkakku, waɗanda sabuwarsu albashinka na wata ba zai saya ba. Sai dai suna son haƙuri da ido. Babbar ranar Kasuwar Dole Alhamis ce, kai kuma kana aiki, don haka ka je ranar Asabar da safe, ka sami mai gwanjo ɗaya ka ba shi lambarka ta awo da launin da kake so, ka ce in ya kwance sabuwar dila ya kira ka. Suna yin haka ga wanda suka ga da gaske yake. In ka samu, ka fito da ita rana. Duba hammata ta ciki ko gumi ya ci shafin, duba bayan wuya, duba gwiwar hannu ko ta goge tana ƙyalli, ka ɗaga mazaunin wando ka duba haske ko ya sirance, ka bi jikin kaf ka nemi ƴan ramukan asu. Sannan ka haɗa rigar da wandon ka tabbata yadi ɗaya ne, don a inuwar rumfa shuɗi biyu daban suna kama da juna. Yawancin abin da ke cikin dila mai nauyi ne, na ƙasar sanyi. Kada araha ta sa ka ɗauki irinsa. In wata hidima ta kai ka Kano, ta Matamai da Daura ko ta Magariya, Ƙofar Wambai ta fi yawan zaɓi a gwanjo, Kantin Kwari kuma a yadi. Amma kada ka tashi takanas don kwat ɗaya, kuɗin mota zai cinye ribar.

Hanya ta biyu ɗinki. Damagaram ba ta rasa gwanayen teloli ba, sai dai gwanin kaftani da babbar riga ba lallai ne ya iya kwat ba, sana'a ce daban. Kada ka yarda da hoton da ke manne a bango ko wanda ke cikin waya. Ka ce ya nuna maka kwat da ya ɗinka da hannunsa, in da hali a jikin mai ita, ka kalli yadda hannun ya haɗu da kafaɗa: in ya tattare ko ya yi ƙoƙo, ka gode masa ka wuce. Ka fara gwada shi da wando ɗaya. Kwat da wando suna cin mita 3 zuwa 3 da rabi na yadi mai faɗin santimita 150, ƙarin wando kuma kusan mita ɗaya da rabi. Ku yi magana tun farko cewa za ka zo gwaji kafin a rufe ɗinki, ka faɗa masa rabin shafi kake so, ka riƙe wani abu na kuɗin sai ka karɓi kaya.

Ta uku sabuwa, kuma nan abokinka ya shigo. Turkiyya ƙasar masaƙu ce, ana ɗinka kwat masu kyau a Istanbul, ana kuma ɗinka na roba don ƴan sari, duk a gari ɗaya. Cewa "ƴar Turkiyya ce" bai faɗa maka komai ba. Ka je wurinsa da takardar awonka, ka gwada, ka yi duk abin da na lissafa. In ɗaya ta ci jarrabawa, ka saya kuɗi hannu, ku yi ciniki kamar kowa. Ka ce masa, "Na gode da ka yarda da ni, amma na fi son abotarmu ta zauna babu lissafi a tsakani." Abokin kirki zai ji daɗin wannan. Sayen kwat ta hoto kuwa, ka rufe wannan ƙofa, sai in mai ita ya yarda da mayarwa.

Ga yadda zan raba kuɗin da ni ne. Kusan rabi ga kwat ɗaya tak, da wando biyu na yadinta in an samu, don wando ne ke riga mutuwa. In ba a samu ba, na biyun ya zama ruwan toka mara ado wanda zai hau da ita. Kusan kashi ɗaya cikin uku ga shamis biyar na auduga, uku farare biyu ruwan sararin sama, da singileti na auduga da za su tare gumi. Nan ne samari ke kuskure, su zuba komai a kwat su bar shamis biyu. Shamis ce ke taɓa jiki, ita ake canzawa kullum, kuma a garin da famfo ke iya yin kwanaki bai kawo ba, mai shamis biyar sau ɗaya yake wanki a mako hankali kwance. Lambar shamis zagayen wuya ce da santimita, 39, 40, 41. In ka ɓalla wuyan, yatsa biyu su shiga. Abin da ya rage na takalmi ne, da karabat biyu marasa hayaniya, da ladan telan da zai gyara maka. Kada ka taɓa kuɗin gyaran nan, shi ke mai da kwat ta zama taka. Takalmi baƙi na fata, sau ciki, da bel baƙi. Garinmu garin dukawa ne, bel na fata na gaske ba sai an je nesa ba. In ka ga wata uku ta wuce lafiya, ka ƙara kwat ta biyu da kuɗinka. Lokacin ka san abin da jikinka ke so, kuma jikin ma yakan canza a shekarar farko ta zaman ofis.

Kwat ɗaya za ta isa ne in ba ka hau moto da ita ba. Ka nemi maratayi mai faɗin kafaɗa, na itace, ka bar ta a ofis. Ka taho da shamis, ka yafa wata riga mara nauyi saboda ƙura, karabat a aljihun jaka. In ka iso ka wanke fuska, ka huce, sannan ka sa. In ka tashi ka kakkaɓe ta da buroshi mai laushi daga kafaɗa zuwa ƙasa, ka fitar da komai daga aljihu, ka bar ta ta sha iska. Kada ka rufe ta a leda da danshin jiki. Ulu ba ya shiga bokiti da omo. Ka faɗa wa mai wanki da bakinka, ka faɗa wa ƙannenka a gida, don da kyakkyawar niyya ake kashe kwat. Ƙaramin tabo a goge da ƙyalle mai ɗan danshi. Babban wanki sai wurin masu wankin da ba na ruwa ba, shi ma sau biyu ko uku a shekara ya isa. Guga kuwa a shimfiɗa farin ƙyalle mai danshi a kai, dutse kada ya taɓa yadin kai tsaye, don shi ke jawo ƙyallin da ba ya fita. In na gawayi ne a kula da tartsatsi.

Sai maganar Malam, wadda na san ita ta fi hana ka barci ko da ka sa ta a ƙarshe. Kada ka yi musu da shi, kada ka kawo masa hujjojin da ka ji a waya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin riga da rawani, ya ga ɗansa ya fito da shigar waɗanda suka mulki ƙasar nan, ba yadin yake kallo ba. Tsoro yake ji kada aikin ya ɗauke masa kai. Wannan tsoron ba a cire shi da magana, sai da abin da zai gani. Tunda kwat a ofis za ta kwana, ba zai ƙara ganinka da ita ba sai nadiran. Ka gaishe shi da safe babu karabat a wuya. In ka dawo ka sa kaftaninka da hula kafin ka shiga wurinsa, ka zauna a ƙasa inda ka saba zama. Kada magariba da isha'i su wuce ka a sahunsa. In ka ga ya ɗan sake, ka ce, "Allah gafarta Malam, kayan aiki ne kamar farar rigar likita, a wurin aiki nake sa su, a can nake barin su." Ka tsaya nan. In abin ya yi nauyi, ka bi ta wajen mahaifiyarka ko wani baffanka da yake jin maganarsa.

Akwai abu biyu da Malam zai iya tambaya, kuma yana da gaskiya in ya tambaya. Na farko, karabat masu tsada yawanci da alharini ake yin su, soie ake rubutawa a bayansu, kuma ka san hukuncin alharini ga namiji. Ka sayi na auduga ko na ulu ko ma na roba. A karabat roba ba ta cutar da kowa, ba ta rufe jiki. Na biyu tsawon wando. Ka sa tela ya kalmashe shi daidai idon sawu, ba ya jan ƙasa. Wannan ya dace da abin da Malam ke karantarwa, kuma a wajen masu kwat ma shi ne tsaf. In ya ji kai da kanka ka kula da waɗannan tun bai faɗa ba, zai san karatunsa bai zube ba. Daga albashin da bashi bai ci ba kuma, ka yanko masa shadda ko da ba mai tsada ba ce, ka kai da hannunka.

Ni a ra'ayina, kaftani na yadi mai kyau da hula sun fi kwat dacewa da wannan ƙasa, kuma ba su rage wa ma'aikaci kwarjini ko kaɗan. Ina fatan ranar da shugabannin irin wuraren nan za su sassauta, ko da a watannin bazara ne. Amma wanda ya yi wata biyu a aiki ba shi ne zai ɗauki wannan yaƙi ba. Abin da za ka iya yi shi ne ka tambayi shugabanka cikin ladabi ko an yarda a cire kwat a zauna da shamis da karabat in babu baƙo a gabanka. Wurare da yawa sun yarda, sababbi ne ba sa tambaya.

In ɗinki ko gyara ka zaɓa, ka kai yanzu. Daga tsakiyar azumi zuwa ƙaramar salla, da makonnin da ke gaban layya, babu telan da zai ba kwat ɗinka natsuwar da take bukata, ko ya yi maka alkawari.